Ba'indiyen da Ya Hana Ni Gyaran Murya

Shekara goma sha tara na yi ina kiran salla a masallacin unguwarmu a Gumel. Kafin ni mahaifina ne yake kira, Allah ya jiƙansa, shi a kan katanga yake tsayawa don a lokacinsa babu lasifika. Ladan ba shi da albashi a wurinmu, saboda haka in kaka ta yi nakan yi ɗinkin bakin buhu a wani siton riɗi da ke kan hanyar Maigatari, ba nisa da masallacin. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya ɗauke ni malami. Firamare na gama, a allo kuma ban yi nisa ba.

Shekara uku ke nan da muryata ta fara yi mini gardama. Da ɗaukewa ta yi gaba ɗaya da na san ciwo ne, in tafi asibiti. A'a. Sai ta rako ni lafiya lau har tsakiyar kira, daidai inda ake ja, sannan ta sake ni. Abin da yake fita daga lasifika bayan nan ba zan kwatanta shi da komai ba, saboda darajar kalmomin. Matata ta taɓa kwatantawa, na sa ta yi istigfari, ni ma na yi don na ji.

Ba abin da ban sha ba. Citta da kanumfari, zuma, ɗanyen ƙwai. Na tsotsi jar kanwa har harshena ya tsattsage. Wata Alhamis na hau mota zuwa kasuwar Maigatari, wani mai magani daga Damagaram ya ba ni saiwa, ya ce ko zakara aka ba wa sai ya tashi ƙauye biyu. Na sha kwana bakwai, cikina ne kawai ya samu murya. Daga nan na koma magana da raɗa, a gida da waje, don in yi tattalin abin da ya rage.

Wata rana bayan la'asar liman ya ja ni gefe.

"Ladan, ba korarka ake yi ba," in ji shi. Da jin haka na san inda aka dosa. "Amma azumi saura wata huɗu. Kiran magariba a azumi ba abin wasa ba ne, mutane na riƙe da dabino suna jira. Jiya ma wasu sun ce ba su gane ka gama ko ba ka gama ba. Dattawa sun ce in ba ta dawo ba kafin a ga wata, Masinja zai karɓa."

Masinja tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ne da ya yi ritaya, sunan aikin ya bi shi. Shekara talatin da biyar ya yi yana kiran mutane daga wannan ofis zuwa wancan ba tare da ya tashi daga bencinsa ba. Mutumin kirki ne. Da zuciya ɗaya na faɗi haka, ko da yake sai da na bincika zuciyar sau biyu kafin in rubuta. Tun da muryata ta fara, kullum yana sahun farko, yana yi mini ya jiki fiye da yadda jikin yake buƙata.

Siton da nake ɗinki na wani kamfani ne, manajansa matashin Ba'indiye. A wannan kakar ya zo da kawunsa, wani siririn tsoho da zai kai saba'in, kullum da ƙyalle naɗe a wuya ko da ana zafi. Aikinsa ya zauna kusa da sikeli, ya zura hannu a kowane buhu ya ji ko an haɗa da yashi. Ya yi shekara takwas a sitocin Kano, a bakin leburori ya koyi Hausa, don haka ta zo masa ba ladabi ko kaɗan. Ba ya cin nama. Ga kasuwar dabbobi irin ta Maigatari a gefensa, mutum yana zaune yana cin wake da ganye. Leburori suna ce masa Baba, ni ma haka nake ce masa.

Kwana biyu bayan maganar liman na je na kira azahar na dawo. Ban kai ga ɗaukar basilla ba ya yafito ni.

"Kai ne mai kira a can?"

"Ni ne, Baba," na ce, da raɗa.

"An yi mutuwa ne?"

"A'a."

"To me ya sa kake raɗa?"

"Tattali nake yi."

"Wane sakarai ya ce maka raɗa tattali ne? Jaki ya gaji, ka ɗaure masa ƙafa ɗaya, ka ci gaba da kora. Wannan ne raɗa."

Sai ya miƙe ya ɗora mini yatsu biyu a maƙogwaro, ba sallama ba neman izini. Ban da wanzami ba wanda ya taɓa kama mini wuya. Ya ce in ce "aaa". Na ce. Ya girgiza kai irin girgizawarsu, wadda har ya tafi ban gane ko i ce ko a'a ba, ya koma kan buhunsa.

Washegari na lura ya ajiye gwangwanin madara a gefensa, yana jefa ƙwayar gyaɗa a ciki jefi-jefi. Na ɗauka irin tasbaharsu ce, na kau da kai. Da rana ta take ya zo ya zazzage gwangwanin a kan buhun da nake ɗinka.

"Ƙirga."

Na ƙirga sau biyu. Hamsin da huɗu.

"Kowace ɗaya gyaran murya ce da ka yi, daga safe zuwa yanzu. Kafin ka yi magana ka yi. Bayan ka yi magana ka yi. In manaja ya wuce ka yi. Ɗazu akuya ta leƙo, ka yi mata."

Ya ce wasu 'yan fatu biyu ne a cikin wuya, ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba, su ne murya. Duk gyaran murya ɗaya kamar tafi ne da hannu mai gyambo. Nawa sun kumbura, ni kuma ina ta tafi.

"Kwana arba'in," ya ce. "Ba gyaran murya, ba raɗa, ba kanwa. In abu ya tsaya maka, ka kurɓi ruwa ka haɗiye. Wata guda na farko ba kira."

Na tambaye shi ko likita ne. Ya ce a'a, ya fi likita sanin wannan wurin. A hankali, kwana da kwanaki, yana taɓa riɗi ina ɗinki, na ji labarinsa. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi gidan wani malamin waƙa a garinsu. Shekara biyu yana ɗebo ruwa yana wanke kwanuka, abin da aka ba shi ya rera sauti ɗaya ne tak. Hoton malamin yana aljihunsa, na daɗe ina zaton gunki ne, ashe wani tsoho ne mai tabarau. Ya girma ya fara suna. Yana da ashirin da shida aka gayyace shi wani biki, mura na damunsa, ya yi waƙa kwana uku a jere don kada a ce ya gaza. A rana ta huɗu ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne muryar da yake yi mini magana da ita, mai kama da jan buhu a siminti. Ba ta dawo ba.

Daga nan ya koma koyar da mawaƙa, shekara talatin, a babban birnin da ake yin finafinansu. A wurinsa na fara jin cewa waɗanda ake gani suna rawa a fim ba su ne suke waƙar ba, wasu ne a ɗaki. Na kalli finafinan nan a ƙuruciya, na tuba, amma duk da haka sai da na ji an cuce ni. Ya ce manyan mawaƙa ta ƙofar baya suke shigo masa, don kada a san muryarsu na buƙatar malami. Sunansa bai taɓa hawa kan kaset ba. Daga baya aka kawo na'urar da ke miƙe murya ko ta karkace, masu zuwa suka ragu, matarsa ta rasu, ɗan ƙanwarsa ya ce ya zo ya riƙa taɓa riɗi.

"Kunne ne aikina," ya ce. "Yanzu da hannu nake ji."

Wannan labari bai kwantar mini da hankali ba, ƙara tayar da shi ya yi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyara masu waƙar soyayya, ba musulmi ba, shi ne zai taɓa maƙogwaron da ake kiran salla da shi? Na tafi wurin liman.

"Allah gafarta malam, ya halatta?"

"Ladan, likitan da ya yi maka aikin ƙaba a Kano, ka tambaye shi addininsa?"

"Ina barci lokacin."

"To. Ya ce ka canza kalmomin kira?"

"A'a. Ya ce kalmomin nawa ne, shi wuya kawai yake so."

"Ka ba shi wuyan."

Masinja ya karɓi kira na wucin gadi, ni kuma na shiga kwana arba'in. Na zaci barin kanwa ne zai yi wuya. Ashe ban san yawan aikin da gyaran murya yake yi wa mutum a ƙasar nan ba sai da aka ƙwace mini shi.

A rana ta uku matata ta ce, "Malam, don Allah ka riƙa yin motsi. Na juyo na gan ka tsaye a bayana, saura kaɗan in kifar da miya. Shekara ashirin da wannan kakin nake sanin ka shigo, sallamar ba jin ta nake yi ba."

Na je Gagarawa gaida surukina. A gidansa sai ka tsaya daga wajen zaure ka yi gyaran murya, tsoho ya gyara zama ya sa hula, sannan ka yi sallama. Haka nake yi tun ina neman aure. Na tsaya a wajen ina jiran ya lura da ni. Na ja takalmi a ƙasa. Na kaɗa makulli. Inuwa ta bar ni ta koma gefe. Da ya fito alwala ya gan ni, ya ce, "Kai kuma tun yaushe ka zama ɗan sandan ciki?"

Mafi tsanani shi ne makewayin masallaci. Ƙofarsa langa-langa ce, ba sakata. A can ba a magana, ba a sallama, abu ɗaya ne mutum yake da shi in ya ji tafiya, shi ne kuma aka hana ni. Wata rana ina ciki na ji takun liman, na san shi da jan ƙafar hagu. Na ɗauki buta na maka wa langa-langar da ƙarfina. Takun ya tsaya, ya koma da sauri. Da na fito na tarar da shi riƙe da sanda, ya zaci dabba ce ta shiga. Muka haɗa ido. Bai tambaye ni ba, ban faɗa masa ba. Washegari aka sa wa ƙofar sakata, abin da aka yi shekara tara ana cewa za a yi.

Kowace safiya kuma, in an tayar da injin tankaɗe riɗi, Baba yakan tsayar da ni kusa da shi.

"Ji injin nan. Muryarsa ɗaya ce, ba ya hawa, ba ya sauka. Rufe baki ka bi shi ta hanci."

Ya ce a ƙasarsu yana da wani abin kiɗa mai tsirkiya huɗu da ke riƙe sauti ɗaya, ya bar wa wani almajirinsa. Ya ce injin ya ɗan yi ƙasa kaɗan, amma ba ya gajiya, ba ya kuma jiran a yaba masa. Sai in rufe baki in yi ta "mmm", shi kuma ya danna mini ciki da tafin hannu, ya ce daga nan iska take fitowa, wuya ƙofa ce kawai.

"Kana kira kamar kana kan katanga. Babanka ne a katanga. Kai ƙarfe ne a gabanka, bar shi ya ci abincinsa."

Leburori suka samu abin yi. "Ladan, yaushe za a fara rawar?" "Ku nemo masa bishiya ya zagaya!" "Saura ruwan sama, Baba, a sa masa ruwan sama!" Na koma wurin liman na tambaya ko wannan "mmm" ɗin waƙa ce.

"Da kalmomi a ciki?"

"Babu."

"Da kiɗa?"

"Injin riɗi."

"Ƙudan zuma ma yana yi, Ladan. Je ka."

A mako na uku abin da ya fi damuna ya faru. Azahar ta yi, kiran Masinja ya taso daga masallaci ya shigo siton. Hannun Baba na cikin buhu, sai ya tsaya cak. Bai motsa ba har aka gama.

"Wane ne wannan?"

"Masinja ne. Wanda ake so a ba wa wurina."

"Muryarsa ta fi taka."

Haka ya faɗa, kamar yadda yake cewa buhu da yashi.

"Ko tawa ta dawo?"

"Ko ta dawo. Wannan kyauta ce, ba a koyar da ita." Ya zare hannu ya kakkaɓe. "Amma da wuya yake ja, kamar kai. In yana yin biyar kullum haka, kafin azumin naku za ta fara tsagewa."

Ya ci gaba da aikinsa. Ni kuma na soki yatsana da basilla.

Lissafin ba mai wuya ba ne, ko ɗan firamare zai yi shi. In na yi shiru, tawa tana dawowa, tasa tana tafiya, kafin a ga wata kiran mahaifina ya dawo hannuna ba tare da na yi wa kowa komai ba. Kwana uku ina neman hanyar da shirun zai zama halal. Na ce ba wanda ya tambaye ni. Na ce Baba ba likita ba ne. Na ce in na faɗa ma za a ce hassada ce. Kowace hujja takan tsaya da ƙafarta har in yi alwala, in na ɗaga hannu zan yi kabbara sai ta faɗi. Sau biyu ina yin ƙabli da ba'adi a salla ɗaya.

Na gaya wa matata.

"Wa ya tambaye ka?" ta ce.

"Ba kowa."

"To?"

"Ai na ji."

"Kai dai, Malam, ko sauro ne ya cije ka sai ka bi shi ka nemi gafara."

Na sami Masinja a ƙofar gidansa yana gyara rediyo. Na faɗa masa duka, har da cewa tasa ta fi tawa, don in na rage wani abu ban san hukuncin ragin ba.

"Wato in ajiye kira kwana arba'in, kai ka dawo. Ladan, ashe kana da wayo muka zauna da kai haka?"

"Ba a ce ka ajiye ba. Ka zo ka ji da kunnenka."

"Wurin Ba'indiyen da ya sa ka kukan injin?"

"Shi."

Ya zo, don ya ƙaryata ni ina jin. Baba ya kama masa wuya, ya sa shi ya ce "aaa", sai na ga abin da ban taɓa gani ba: tsohon nan ya yi murmushi. Daga ranar muka zama biyu a gindin inji, dattawa masu furfura, baki a rufe, muna "mmm". Leburori suka ce yanzu fim ya cika, an samu mugu. Abin da na yi wata ina koya, Masinja ya ɗauke shi a mako guda. Baba ya fara zuwa sito da wuri saboda shi. Yakan manta da buhuna a kan sikeli, har manaja ya yi magana. Ya gaya mini, ni da kaina, cewa a shekara talatin murya huɗu kawai ya samu irin wannan, kuma bai zaci zai sami ta biyar a Gumel ba. Na ce masa madalla. Ina fatan har zuciyata na faɗa.

Tawa ta dawo. Ba kamar da ba, ta yi ƙasa, amma tana kai ni ƙarshen kira ba ta ajiye ni a hanya. Ta Masinja kuwa ba ta tsage ba, sai ƙara faɗi da ta yi, har mutanen wata unguwa suka fara tambaya ko mun sayi sabuwar lasifika.

Saura wata guda azumi dattawa suka zauna. Liman ya sake ja na gefe.

"Ladan, an raba muku. Shi asuba da magariba da lisha. Kai azahar da la'asar."

"Uku da biyu ke nan, Allah gafarta malam."

"Biyar ba ta rabuwa daidai. Ba ni na yi ta haka ba."

Azahar da la'asar a unguwarmu lokacin injin niƙa ne da 'yan a-daidaita-sahu. Wanda yake son jin kira sai ya kasa kunne. Magaribar azumi, wadda mahaifina ya yi shekara arba'in yana buɗe wa unguwa baki da ita, yanzu a gida nake jin ta, da dabino a hannu, kamar kowa. Tana da daɗin ji. Wannan ma na bincika kafin in rubuta.

Riɗi ya ƙare kafin azumi, aka rufe sito. Ranar da za su koma Kano, Baba ya sa direba ya tsaya a tsallaken titi daidai la'asar, ya fito ya jingina da mota. Na gan shi ta taga. Na kurɓi ruwa, na sa hannu a ciki na ji iskar, na kira. Ban taɓa yin kira mai sauƙi irin wannan ba. Da na gama na tsallaka wurinsa da sauri kafin a tayar da salla.

"Yaya, Baba?"

"Numfashi ya yi. Ja ya yi." Ya girgiza kan nan nasa. "Amma ka yi gyaran murya kafin ka fara."

"Ban yi ba, Baba."

"Ka yi. Lasifika a kunne take."

Ya laluba aljihu, ya ciro ƙwayar gyaɗa ɗaya ya sa mini a tafin hannu, ya shiga mota.

Da kaka ta zagayo manaja ya dawo shi kaɗai. Ya ce kawunsa ya koma gida wurin 'yarsa, ƙafa ta hana shi tafiya. Gyaɗar tana nan cikin gwangwanin da nake ajiye basilla. Ban ci ba, don har yau ban tabbata ba ko kyauta ya ba ni, ko ƙirgawa yake yi.